Adashen Inna

Gaya, daren Talata.

Inna ta yi barci, tansiyo, hawan jinin nata, ya sauka. Alhamdu lillahi.

Da ta yanke jiki ta faɗi wurin tuyar kifi da hantsi, abin da ya fara zo mini, Allah ya yafe, shi ne ba mu da asirans, wato inshorar lafiya. Mai tsadar da nake da ita ta tafi tare da aikina na proje da ya ƙare. Saura ɗan asusun lafiya na matan kasuwa, wanda na sa ta ciki bara ina taɓe baki. Ita ma da ƙyar ta yarda, wai biyan kuɗin ciwo tun bai zo ba kiransa ne. Sai na ce mata adashe ne.

A gidan likita aka karɓi katin ba gardama. Gado, ƙarin ruwa da magani duk asusun ya ɗauka, awon jini kawai na biya. Ni da diplom ɗina na tsaya ina jiran a ce akwai matsala.

Da ta farfaɗo ta ce, "Ke Hadiza, adashen nan naki, yaushe ne kwasata?"

Na ce, "Yau kika kwasa, Inna."

Ta dubi robar ƙarin ruwan da ke rataye.

"To, zubi zan ci gaba da yi. Kwasar kuwa, Allah ya sa kada ta sake zagayowa kaina."