Na Rubuta Sunan Abokina a Gurbin Nawa, Shekara Bakwai Ke Nan Na Kasa Addu'a

Gaisuwa da fatan alheri ga mai kula da wannan shafi na shawara, da duk wanda zai karanta ko a karanta masa. Jaridarku takan iso mana nan Adar cikin kayan fatake, wani lokaci sai ta yi wata biyu a hanya. Wannan takarda ma wani mai kai albasa kudu na ba, bai san abin da ke cikinta ba. Don Allah kada ku nemi sunana ko na garinmu. Kuma ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, don ba zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ni Kirista ne, daga wani ƙauye tsakanin Buza da Madawa. Mu bakwai ne masu bi a garin, sauran duk Musulmi ne, iyayenmu da danginmu. Ina da aboki, bari in kira shi Nomau. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Shekarar da fara ta cinye gero yunwa ta kore mu, mu biyu muka bi hanya da ƙafa har muka faɗa hannun Turawan mishan a kudu. Suka ba mu aikin ɗiban ruwa da yin tubali, suka ba mu hatsi, suka koya mana karatun boko. A can muka ba da gaskiya. Ni kaina ya fi ɗaukar rubutu, shi ya sa Nomau ya laƙaba mini Malam, amma shi ya fi ni riƙon addu'a nesa ba kusa ba. Da muka dawo gida, kullum kafin mu tafi gona sai ya zo ƙofar gidanmu ya yi gyaran murya, mu hau wani falalen dutse bayan gari mu durƙusa. Yakan ce addu'a kamar ban ruwan albasa ce, ka tsallake kwana uku ka ga aikinka. Mutane sun yi mana dariya, wasu sun daina cin abinci da mu, daga baya suka gaji suka ƙyale mu.

Da yaƙin Turawa ya tashi, kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ya aiko gardi, wato ɗan sandansa, ya ce kowane gari ya ba da samari a kai soja. Garinmu mutum shida. Biro, wato ofishin kumandan, na son sunaye da baƙaƙen boko, kuma ni kaɗai ne maigari yake iya kira a kan wannan. Tsoho ne mai gaskiya, bai taɓa tsangwamarmu a kan addini ba. Ya kira ni zaurensa da hantsi, mu biyu kawai, yana faɗa ina rubutawa. Ya faɗi biyar. Sai ya daɗe yana jan carbi, sannan ya faɗi sunana.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Ku uku ne maza gidan ubanka. In ka tahi, akwai masu noma."

Na ce, "To, Baba."

Wallahi abin da na ce ke nan, to Baba. Amma na tuna tsofaffin da suka dawo daga yaƙin farko, wani ba ido, wani yana magana shi kaɗai. Matata kuma wata huɗu ke nan da tarewa. Na tsoma alƙalami, kuma sunan da ya fito ba nawa ba ne. Na Nomau ne. Me ya sa shi? Na tambayi kaina sau dubu. Sunan da ya fi kusa da bakina ne? Ko don na san ko ya ji ba zai yi gardama ba? Shi kaɗai ne ɗa namiji wurin uwarsa, matarsa na da ciki, duk na sani. Na naɗe takarda na miƙa wa maigari, ya karɓa ya sa mini albarka.

Ranar da aka tara samarin ƙasar a fili gaban biro a Madawa, tafinta ya riƙa kiran sunaye daga takarda. Da ya kira Nomau, sai na ga maigari ya ɗago kai kamar an mare shi. Ya buɗe baki, ya dubi kumandan da gardawa da bulalansu, ya rufe. Lissafi ya cika, wa zai tsaya jayayya? Sai ya juyo ya kafa mini ido. Bai taɓa yi mini maganar ba har ya rasu bayan damina biyu, bai kuma faɗa wa kowa ba, amma bai ƙara kirana zaurensa ba.

Kafin a ɗora su a kamyo, babbar motar kaya, Nomau ya ja ni gefe. Ba kuka yake ba, ni ne nake kuka, yana ba ni haƙuri. Ku ji fa, shi yake ba ni haƙuri!

Ya ce, "Malam, abu guda nika roƙo. Kullum da sahe in rana ta hudo, ka hau dutsenmu ka yi mini addu'a. Ni ma duk inda anka kai ni zan durƙusa. Ka ga ba mu rabu ba ke nan."

Na ce, "Na yi alkawari."

"Ko rana guda kada ka tsallake."

"Ko rana guda."

Washegari na hau dutsen. Na durƙusa, na soma Addu'ar Ubangiji, ina zuwa wurin da ake roƙon gafara sai harshena ya maƙale. Na sake daga farko, haka. Da wane baki zan ce Allah ya kiyaye shi, ni da na tura shi? Na yi kwana tara ina hawa ina saukowa ba kalma ɗaya. Rana ta goma ban hau ba. Daga ranar har yau da nake rubuta muku, shekara bakwai, ban yi addu'a ta gaske ko sau ɗaya ba.

Kada ku ɗauka na bar taro. Ni ne na farkon zuwa ranar Lahadi, ni nake karanta Littafi, don na fi kowa iya karatu. Amma in aka zo addu'a sai in ce wa dattijon da ke cikinmu, girma nasa ne, ya yi. Ana cewa ina da tawali'u. In an rufe ido ni nawa a buɗe yake, ina kallon ƙasa. A gida matata ta sha tambayata me ya sa na daina sa albarka a kan tuwo da babbar murya, na ce a zuci nake yi. Da asuba in ladan ya yi kira, ina jin maƙwabta suna taɓa buta, kowa ya tashi zai gaida Ubangijinsa, ni ina kwance kamar gungume, ina jin kishinsu. Kuma abin da Nomau ya faɗa a kan albasa gaskiya ne. Na bushe. Na zama mai saurin fushi, na mari matata a kan abin da bai kai ya kawo ba, abin da ban taɓa yi ba a da. Ɗana na fari ya yi zazzaɓi har ya sanƙare, na riƙe shi a hannu na kasa cewa Allah ka taimake ni. Ya warke, amma ba da roƙona ba.

Na yi ƙoƙarin biya da ƙarfina. Duk damina sai na nome gonar Nomau kafin tawa. Na gyara wa uwarsa rumbu, na yaɓe mata ɗaki. Duk gari ana misali da ni, ana cewa ga abota. Tsohuwar, Musulma ce mai yawan salla, takan riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, kana yi mishi irin roƙon naku ko? Ni ina yin nawa, kai ka yi naka, wani ya dace." In ce ina yi, Inna. A shekara ta huɗu ta rasu tana kiran sunansa. Ni na haƙa kabarinta.

Mun riga mun fid da rai, sai ga shi bayan girbin bara, a kan jakin wani Buzu. Ƙafar hagu babu daga gwiwa. Gashinsa ya yi fari, shi da yake sa'ana. Ɗiyarsa da aka haifa bayan tafiyarsa ta gan shi ta ruga bayan uwarta. Ni kuwa da ya hango ni sai ya jefar da sanda ya faɗo jikina, yana cewa Malam, Malam, addu'arka ta kawo ni.

Lahadin farko ya ba da shaida gaban 'yan'uwa. Ya ce an kama su an tsare a wata ƙasa mai sanyin da ke cinye yatsu, abinci ruwan ganye, mutane suna mutuwa a kwance. Ya ce akwai safiyar da ya yanke shawara ba zai tashi ba, ya ja bargo ya jira mutuwa. "Sai na tuna, yanzu haka Malam shina bisa dutse, gwiwa ƙasa, shina kiran sunana. Na ce a'a, ba ni barin shi ya durƙusa shi ɗai. Na tashi." Mata suna share hawaye, dattijonmu ya dafa kaina ya ce Allah ya ƙara mana irinka. Ni kuwa a ranar da yake faɗa, Allah kaɗai ya san ko ina barci ne ko ina zagin jaki. Ƙarya ce ta raya shi? Ko Allah ne ya ji tasa shi kaɗai, ya ƙyale ni? In na faɗa masa dutsen nan ba kowa a kai duk shekarun nan, me zai rage masa?

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na ci gaba da haɗiyewa har kabari. Amma Nomau ya dawo da wani ciwo da ya fi na ƙafa. Ya tabbata a ransa maigari ne ya ba da sunansa da gangan, don shi Kirista ne, ko da yake ya san shi kaɗai ne wurin uwarsa. Ɗan marigayin shi ne maigari yanzu. Nomau ba ya gaishe shi. Ran kasuwa, gaban mahauta, ya ce masa, "Ubanka ya sayar da ƙahwata, ya kashe uwata da baƙin ciki." Sai da aka riƙe mutane. Tun daga ranar an daina amsa sallamarmu a wasu gidaje, an hana matanmu layi a rijiyar gabas, kuma na ji ana cewa in masu bin Turawa za su riƙa zagin matattu, gara su tashi su bar garin. Mutumin da ya rufa mini asiri har ya shiga ƙasa, shi ake zagi saboda ni, ina tsaye ina ji.

Makon jiya Nomau ya aiko matarsa ta kira ni. Na same shi a gindin bango yana shafa dungun ƙafarsa.

Ya ce, "Malam, na yi zunubi ran kasuwa, na sani. Na gahurta ma waɗanda sunka harbe ni, na gahurta ma waɗanda sunka tsare mu. Amma tsohon ga na kasa. In na zo wurin gahwara cikin addu'a sai bakina ya ɗaure. Ka taɓa jin irin wanga abu?"

Na ce, "Na taɓa ji."

"To ka taimake ni. Ba ni iya hawan dutse yanzu. Ka riƙa zuwa nan kullum da sahe, kai da Allah ke jin maganarka, mu roƙa har in iya yahe mishi."

Kwana shida ke nan ina zuwa. Ran farko na ce maƙogwarona na ciwo. Ran na biyu na karanta masa Littafi har rana ta take, na ce gona na jirana. Jiya dabarata ta ƙare. Ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya rufe ido, ya ce, "Hwara, Malam." Ina jin tattabaru, ina jin matarsa na daka. Maganar ta taho har bakin haƙorana, Nomau ni ne, sai ɗiyarsa ta shigo da ƙwaryar fura, na haɗiye. Ya buɗe ido ya ce ba komi, wani lokaci Ruhu yakan sa mutum shiru. Har uzuri yake nema mini.

Na san abin da Littafi ya ce a kan wanda ya yi wa ɗan'uwansa laifi, ni nake karanta wa mutane. Amma ku duba mini. In na faɗa, na cire masa abu ɗaya da ya riƙe shekara bakwai, kuma ina tsoron ya bar addu'a gaba ɗaya, ya zama kamar ni. Garin zai ce ga halin Kirista, kuma sauran 'yan'uwa shida su za su sha, su da ba su ci ba su sha ba. Matata za ta san da wa take zaune. Wataƙila biro ma su neme ni a kan takardar. In kuma na yi shiru, ana ci gaba da zagin bawan Allah a kabarinsa, abokina yana fama ya yafe wa wanda bai yi masa komai ba, ni kuwa in mutu ban ƙara magana da Ubangijina ba. Ina so in yi addu'a. Wallahi ina so, kamar yadda mai ƙishi ke son ruwa. Wa zan fara tunkara, Allah ko Nomau ko ɗan maigari? In tara su ne in faɗa gaba ɗaya, ko in same shi shi kaɗai? Akwai gafara ga wanda ya ci yabo shekara bakwai a kan abin da bai yi ba?

Kirista ko Musulmi, duk wanda ya san Allah a cikinku ya ba ni amsa, ba na zaɓe. Na san kafin amsarku ta iso watanni za su wuce, ni kuwa gobe da safe ma yana jirana a gindin bangon nan, ya sa an shimfiɗa mini tabarma kusa da tasa.

Jama'a, ku ji tausayina. Me zan yi?