Kayen Madam Hinda da Kwandon Ƙuli

Litinin, 14 ga Afrilu

Sati biyu ke nan da guguwa ta kwantar da ajin su Surayya. Dama na kara ne da zana, awakin gari sun cinye gindinsa tun kafin azumi, kuma babu karan da za a kafa wani sai bayan kaka. Madam Hinda, malamarsu, cikinta ya tsufa, ta tafi Damagaram haihuwa. Ba a turo kowa ba.

Na je wurin dirakta, shugaban makarantarsu, da safe. Ya ce sunan Surayya na cikin masu jarrabawar sartifika ta fita firamare a garin Guci watan Yuni, amma shi kaɗai ya rage da aji uku, ba zai iya ƙara na huɗu ba. Ya ce kuma ta riga ta maimaita aji shida sau ɗaya, in ta faɗi bana lakwal ta ƙare mata, ba sauran karatu. Yana faɗa yana latsa wayarsa.

Kafin Madam ta hau mota ta bar mini kayenta, littafin da ta rubuta darussan da suka rage a ciki da hannunta. Ta ce, “Nazifa, ke kin yi kolej. Ki riƙe shi da kyau, ba ni da wani.”

Kolej ɗin da na yi shekara uku na bari saboda jinyar Innata. To, ni zan koya mata. Ɗiyata ba za ta tsaya inda na tsaya ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na samu babbar takarda na ja layi da alƙalamin bik, na tsara yini kaf, na kafe ta da ƙusa a bangon rumfa. Bayan asuba ɗebo ruwa. Ƙarfe bakwai dikte, wato shifta. Takwas suyar gyaɗa. Goma lissafi. Har wankan Fadi da ba ta nono na ba su wurinsu.

Gwaggo Daso ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu. Ƙanwar Babana ce, kuma ita ta haifi Sadiƙu mijina, don haka ba ni da inda zan kai ƙararta. Ta ce, “Wannan laya ce?” Na ce tsarin lokaci ne. Ta ce, “Ita jaririyar kin karanta mata? Don ta san ƙarfe nawa za ta yi kuka.”

Ban yi dariya ba. Surayya ta yi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Wayata ta mutu, babu caji, ba ni da agogo. Yini guda ban san ƙarfe nawa ba, takarda na bango tana kallona.

Talata, 29 ga Afrilu

Abin ba ya tafiya. Ƙarfe bakwai na dikte ina layin fanfo. Ƙarfe goma na lissafi ina wurin mai injin markaɗe, ya ce babu mai sai an jira. In na bar ƙuli ba mu da na cefane, Sadiƙu yana ci-rani a Kano, sai ruwa ya sauka zai dawo.

Sai na koma haɗa biyu. Ina matsar mai a turmi, kayen Madam a buɗe kan kujera, ina karanta dikte ina haki. Yau na karanta layi ɗaya sau biyu ban sani ba, yarinya ta rubuta sau biyu, na yi mata tsawa a kan laifina.

Gwaggo ta ce in ba ta tunkuzar ta mulmula. Na ce a'a, nata yana fitowa manya-manya, masu saye sun saba da hannuna. Ta ce to ta zauna da yarinya ta saurari karatun. Na ce, “Gwaggo, wannan ba allo ba ne, boko ne.” Ta ɗauki tabarmarta ta koma ƙofar ɗakinta.

Gaskiya na faɗa. Me zai sa in ji ba daɗi?

Lahadi, 4 ga Mayu

Don in samu awa ɗaya in koya mata, na sa ta ɗebo ruwa sahu huɗu, ta yi surfe, ta goyi Fadi. Da muka zauna sai ta yi barci, goshinta a kan kaye, bik a hannu. Na ɗaga hannu zan ɗaka mata duka, sai na ga wuyanta duk ƙurajen zufa inda zanen goyo ya kwanta.

Na bar ta. Na zauna na yi lissafin ni kaɗai, na ci biyu cikin biyar. Kai, Nazifa. Ke ce malamar.

Alhamis, 8 ga Mayu

Sadiƙu ya kira ta wayar mai shago. “Yaya yara, yaya Gwaggo, an kai taki gona?” Bai tambayi karatu ba. Na ce komai lafiya lau.

Laraba, 14 ga Mayu

Innalillahi.

Yau kasuwar garinmu. Fadi ta tashi jikinta kamar garwashi, ga zawo. Duk da haka na ce sai mun yi dikten ƙarfe bakwai, ina juya ƙuli a kasko ina karantawa. Sai Fadi ta fara sanƙarewa. Na ajiye komai na saɓe ta, mai moto ya kai mu wurin lokotoro a asibitin Guci. Ina fita Gwaggo ta ce, “Je ki, ni zan kai ƙulin.”

An yi wa Fadi allura, jiki ya sauka, alhamdu lillahi. Mun dawo bayan la'asar. Gwaggo na zaune da faranti fayau, tana murmushi har dasashi, ta ce ko ɓarɓashi bai rage ba.

Na nemi kayen Madam. Babu a kujera, babu a ɗaki. Na duba kwandon tsofaffin kaye, waɗanda nake karɓa wurin ƴan lakwal ina yaga ina ƙunshe ƙuli. Sai ga bangonsa. Bango kawai, da sunan Madam a kai, da ganye uku na ƙarshe.

Ban san duk abin da na faɗa ba. Na san na ce jahilci ya kashe mu a gidan nan. Na ce ta ƙunshe rayuwar jikarta ta sayar a kasuwa. Maƙwabta sun leƙo ta katanga. Gwaggo ta kife farantin ta shiga ɗaki.

Alhamis, 15 ga Mayu

Surayya ta same ni a madafa. Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Inna, ke kika ɗora shi a kan kwandon, da Fadi ta fara. Na gani. Bangonsa iri ɗaya ne da sauran, kuma duk ya sha mai.”

Na ce ta fita ta ba ni wuri.

Na tuna. Wallahi na tuna, har yadda na kife shi.

Asabar, 17 ga Mayu

Babu karatu. Me zan karanta? Na kira lambar Madam, ƙanwarta ta ɗauka ta ce an yi mata aiki wajen haihuwa, tana kwance. Na yi barka na kashe. Da wane baki zan gaya mata?

Gwaggo tana amsa gaisuwata da “lafiya” ɗaya tak. Tuwon da na kai mata ta ci rabi. Jiya da yau tana fita da hantsi da sandarta, ba ta dawowa sai azahar ta wuce, a wannan zafin da ko jaki yana neman inuwa. Ban tambaya ba. Na ɗauka gidajen dangi take bi tana ba da labarina, kuma na ce a raina ta je ta yi ta yi.

Saura wata ɗaya.

Talata, 20 ga Mayu

Ƙande mai koko ce ta tsare ni a fanfo. Ta ce, “Ke, tsohuwarku lafiya? Gida-gida take bi tana tambayar takardar da ta ƙunshe wa mutane ƙuli ran Laraba. Ni tawa na hura wuta da ita, ta zauna ta yi mini faɗa kamar na ƙona mata zane.” Ta ce har rugar da ke bayan tafki ta je a ƙafa, don ta tuna wata Bafulatana ta sayi ƙunshi biyar.

Mata suna ta dariya. Ni tulu na ɗauka bai cika ba na taho.

Juma'a, 23 ga Mayu

Da hantsi ta fito ta ajiye wani abu a kan tabarma gaban Surayya, ba gabana ba. Ganyen kayen ne, ta danne su ƙarƙashin dutsen niƙa sun miƙe, ta ɗinke gefe da zaren buhu. Talatin da ɗaya cikin arba'in da takwas. Mai ya ratsa su har ana ganin yatsa ta baya. Wasu ƙafa a sama, wasu gaba a baya. Ɗaya akuya ta ci kusurwarsa.

Ta ce wa yarinya, “Ƙawata, ga naki. Wanda wuta ta ci ban iya ƙwato shi ba.”

Ƙafafunta sun kumbura, na gani. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “An juya wasu.” Allah ya shirye ni. Ta ce, “To masu boko su gyara,” ta koma ciki.

Mun warware zaren muka jera su. Na dikte sun dawo kusan duka. Na raba lamba, wanda ya fi ba mu wuya ni da Surayya, su ne babu.

Laraba, 28 ga Mayu

Dirakta ya yarda Surayya ta riƙa zuwa bayan la'asar ran Litinin da Alhamis ya nuna mata raba lamba. Ashe tambaya kawai ake yi. Wata ɗaya da rabi ina ganin in na roƙi wani kamar na ce na kasa ne.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na dawo daga markaɗe na tarar da su ƙarƙashin dalbejiya. Gwaggo na ɓarar gyaɗa, Fadi a cinyarta, Surayya na tsaye tana karanto darasin tarihi da ka. Na laɓe a zaure.

Gwaggo ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci. Amma da yarinya ta yi tuntuɓe sai ta jefe ta da ɓawon gyaɗa ta ce, “Nan kin yi ƙarya, jiya ba haka ya sauka ba. Sake.” Kuma gaskiyarta, ta tsallake layi. Yarinya ta sake tana dariya. Ni rabon da ta yi dariya a gabana da kaye a hannu, na manta.

Haushi na ji ko me, ban sani ba. Na shiga na wuce su kamar ban gani ba, na bar robar tunkuza kusa da tabarmarta. Da na fito ta mulmula rabi. Manya-manya.

Laraba, 4 ga Yuni

Manya-manyan ƙulin Gwaggo sun ƙare a kasuwa kafin azahar. Wata ma cewa ta yi na yau sun fi auki.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa. Gari kaf ya fita shuka, Sadiƙu bai iso ba, ya ce yana hanya. Na ɗauko sungumi, na miƙa wa Surayya ƙwaryar iri, don mai sara daban mai zuba iri daban, ni kaɗai ba zan iya ba. Saura kwana biyar jarrabawa, amma danshi ba ya jira.

Gwaggo ta karɓe ƙwaryar daga hannunta. Ta ce, “Wannan ta zauna da takardunta. Ni na shuka gonar nan tun ba a haifi ubanta ba.”

Na yi gaba ina sara, tana biye tana zuba gero tana rufewa da diddige, a kan ƙafafun nan da ba su gama sacewa ba. Can ta ce ina sara nesa-nesa kamar mai gudun bashin gaisuwa. Na matso da su.

Ga wuri, ga lokaci, daga ni sai ita. Maimakon in ba ta haƙuri, sai na ci gaba da sara.

Litinin, 16 ga Yuni

Gobe jarrabawa. Yau da la'asar amalanken dirakta ya kwashi yara zuwa Guci, za su kwana gidan wata ƴar'uwarsa. Ana son babbar mace ɗaya ta raka ƴan matan. Tun Afrilu na sa a raina ni ce. Har zanen da zan ɗaura na wanke.

Na ce Gwaggo ta je. Na ce saboda Fadi ne da sauran shuka. Ta dube ni ta ce, “To.”

Ban san ko yarinya za ta ci ba. Raba lamba har yanzu tana yi tana cizon bik. Na yi iya yina, wasu ma sun yi nasu.

Na toya musu ƙulin guzuri. Na Surayya na zuba a leda. Na Gwaggo na daka shi lukui da ɗan yaji, don ba ta da haƙoran tauna. Na duba kwando babu takarda ko ɗaya, tun ranar nan na daina karɓar kayen kowa. Sai na miƙa hannu bango na cire takardar tsarin lokaci daga ƙusa. Dama tun Mayu ban dube ta ba. Babba ce, ta ƙunshe shi tsaf.

Da na miƙa mata a kan amalanke ta juya ƙunshin, ta ga layukan, ta gane ta. Ta ce, “Wannan ma in na ci in dawo miki da ita?”

Na ce, “A'a, Gwaggo. Ki hura wuta.”

Haƙuri dai ban ba ta ba har yanzu. In sun dawo.