Fatar Kada a Shagon Anbariyya

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Masu dubawa na hukuma sun zo shagona a unguwar Anbariyya yau, su biyu. Ba faɗa, har shayi suka sha. Babban ya ɗauki alabe ɗaya yana shafawa, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, “Ammi Ubaidullah, wannan timsah ne?” Na ce kada ne, ko yaro ya sani. Ya nemi tasrihi, takardar da ke nuna daga gonar kiwo fatar ta fito, ba daga kogi ba. Ni ina na taɓa ganin irinta? Suka kwashe duk na kada a kwali, suka ce ajiya ce. Fatun da ban yanka ba suna gida, ba su tambaya ba.

Litinin, 6 ga Janairu

Ba ni kaɗai ba ne. Ashafa maƙwabcina mai sayar da man ƙirsh, babban kifin nan na teku mai cin mutane, shi ma an hana shi. Tsofaffi na saye don ciwon gwiwa. Mun zauna a ƙofa kamar masu karɓar gaisuwa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Hibatullah ta zo daga unguwar Al-Azizya da mijinta. 'Yar da na haifa, wai ita ma tana bayan dokar. Ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Larabci, kamar kullum. Ta ce, “Abuya, ba kai ake hari ba, dabbar ce ke ƙarewa.” Na ce Babana da wannan sana'ar ya taho daga Kano, da ita ya ciyar da mu a garin Manzon Allah, kada bai ƙare ba. Uwarta Raudatu ta kawo tuwo, aka bar maganar.

Raina ya ɓaci fiye da yadda na nuna.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ban buɗe shago ba bayan sallah. Me zan sayar, carbi?

Talata, 28 ga Janairu

Jamaluddeen ya kira daga Chadi, ɗan ƙanin Babana, shi ke turo mini fatu tun muna da ƙarfinmu. Ya ce kada in damu, zai raba su a jakunkunan masu Umra, ba mai lura. Na tambaye shi ko za a samu manya. Ya yi dariya. “Yaya, manya? Mafarauta sai su yi ta yawo a kwale-kwale ba su ga ido ɗaya a ruwa ba. Abin da ya faɗa koma, shi ake feɗewa.”

Na ce zan yi tunani.

Laraba, 29 ga Janairu

Na fito da fatun gida na baje su a tsakar ɗaki, don in ga abin da ya rage. Akwai ta Baba, wadda ya hana a yanka, daga bango zuwa ƙofa take kaiwa. Na shimfiɗa fatun bara kusa da ita. Ba wadda ta wuce tsawon hannuna. Ɗaya ma ƙayar bayanta ba ta yi tauri ba.

Raudatu ta leƙo ta ce, “Malam, waɗannan ai jarirai ne.” Ta koma kicin abinta.

Ni nake yanka su shekara da shekaru. Ina cewa dai ƙananan sun fi laushi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mijin Hiba, Fahad, ya binciko mini masu kawo fatar kada mai tasrihi daga gonakin kiwo. Sai ka jira wata da watanni, kuma ta fi ƙarfin alhazan da ke shigowa shagona. Ya kawo mini fatar raƙumi jemammiya in gwada. Na ajiye ta a lungu.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na yanka ta raƙumin, don kawai hannuna ya gaji da zama. Tana da taurin kai, basilla ta karye mini. Amma tana karɓar rini. Jan ya fito kamar na Baba.

Ashafa ya koma sayar da zuma da habbatus sauda. Ya ce gwiwar tsofaffi ba ta lura ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Azumi ya matso, gari ya cika. Na sayar da takalman raƙumi, ba laifi. Wani alhaji daga Zinder ya rage murya ya ce an gaya masa ina da na kada a ɓoye. Na ce babu. Ya nace. Sai na ji kaina ina yi masa bayanin kogi da yadda ake feɗe ƙanana tun ba su girma ba, har ya gaji ya tafi.

Na tura wa Jamaluddeen saƙo kada ya turo komai. Na ce masa idona ne ya yi rauni.

Hiba za ta zo buɗa-baki ranar farko. Ba sai ta ji wannan ba.