Takalman Ƙofar Ɗakin Hatsi

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar safe, irin wadda nake durƙusawa in yi maka a zaure. Na san ba za ka karanta wannan ba, ko kana raye ma sai dai in karanta maka. Amma wa zan gaya wa, in ba kai ba?

Baba, mun je gidan gona. Sojoji sun buɗe hanyar bakin kogin Komadugu bayan damina, ni da ƙanena Bukar muka bi motar masu tattasai daga Difa. Har ka rasu a ɗakin haya kana tambaya ko gidan na tsaye. Yana nan. Garin duk ya ƙone, shi kaɗai wuta ta tsallake.

Kai ka ba mu tarihinsa. Ka ce Kaka Modu ya ɗauko magini daga Damagaram, aka kwaɓa lakar bakin kogi da ciyawa, aka yi bango mai kaurin da rana ba ta ratsa shi. Bakan zauren nan biyu da suka gicciye har yau ba su tsage ba. Azarar goruba ta yi baƙi, gara ba ta taɓa ta ba. Indararon gabas ne ya karye, ruwa ya zaizaye katanga. Bangon da ke kallon kogi kuwa duk ramukan harsashi ne, zanzaro ya yi gida a ciki. Na hau soron da muke shanya tattasai, wanda ka ce ana hango jansa daga ƙetaren kogi. Daga can na ga fadamarmu, inda aka yi yaƙin.

Tattasai ya fito a wurin da kansa, Baba, ba shuka, ba ban ruwa. Ja wur, manya, ban taɓa ganin irinsu ba. Ba mai tsinka. Jakin mutumin da ya raka mu ya toge a bakin filin, aka yi duka ya ƙi. Da rana tsaka ne, amma ko kukan kurciya babu.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun ina yarinya nake tsoron ɗakin hatsi, wanda Kaka ya gina ba taga bayan shekarar yunwa, mai ƙofar da sai an sunkuya. In ka aike ni ɗebo gero, riƙe numfashi nake har in fito. Ka taɓa lura?

A ƙofarsa muka tarar da takalma. An jera su tsaf, yadda ake yi a ƙofar masallaci. Na maza, silifa na mata, but ɗin soja ƙafa ɗaya, da wani ɗan ƙarami na roba, shuɗi, da bai fi tafin hannuna ba. Bukar ya sunkuya ya haska ciki. Tabarmi ne a shimfiɗe, da tulu, ba kowa. Ba ƙashi, ba jini. Su wane ne, Baba? Wa ke tsayawa ya cire takalmi ana ruwan harsashi? In sun fita, ina suka bi ba takalmi, cikin ƙaya?

Bukar ya so a rushe ɗakin, a zuba siminti, mu koma noma. Na ce noma za mu koma, amma ba a taɓa ɗakin. Mun yi faɗa har ya daina yi mini magana, daga baya ya haƙura. Muka kawo liman ya yi addu'a. Na share zaure da tsakar gida, takalman ban matsar da ko ɗaya ba.

Ranar Laraba muka koma da iri. Ƙofar gidan na kulle yadda muka bar ta, sharar da na yi ba sawun kowa a kai. Takalman na nan a jere. Shuɗin ne babu. Gurbinsa kawai, a tsakanin silifa biyu.

Bukar ya ce ɓera ne. Ban musa masa ba. Ni dai fatana, in mai shi ne ya zo, ya zama har yanzu ya yi masa daidai.

Allah ya haskaka kabarinka, ya ji ƙan baƙin da suka sauka a gidanka ba ka nan.

Sai mun zo.

Ɗiyarka,
Falmata