Ranar da Aka Ari Rulata

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar? Na san halinki, maganin yana kan durowa yana shan ƙura, ke kina cewa da sauƙi.

Yaya, an kawo mini sammaci. Kada hankalinki ya tashi, shaida kawai ake so in bayar. Wani likita ne ya maka kwalejinmu a kotu shekara biyu ke nan, kan an hana shi gurbin ƙwarewa a aikin tiyata. Gurbi goma ne a shekarar, kuma damarsa ta ƙarshe ce, don wanda ya haura shekara talatin da biyar ba ya sake nema. Shi dai cewa yake ya san abin da ya rubuta, a fito da makinsa na asali.

Mai Litinin muke ce masa a ofis. Duk Litinin sai ya taso daga asibitin ƙauyen da yake aiki, tafiyar awa huɗu, ya zauna a bencin ƙofata da fayil a cinya. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce Mama ko akwai labari, in ce babu, ya yi godiya. Wallahi da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Lauyan kwaleji ya ce in gaya wa alƙali takardar makin ta ɓata lokacin da muka sauya ofis. Ba ta ɓata ba. Sauran maganar sai na samu natsuwa.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Auta.

Yayata,

Na samu wasiƙarki, na gode. Allah ya ƙara wa ƙafar sauƙi. Kin ce in daina kwana-kwana, to ga ta.

Malamai da hannu suke rubuta maki a wata takarda mai faɗi, suna a wannan gefe, jimla can ɗaya ƙarshen. Ni kuma in ɗora doguwar rula ƙarƙashin kowane layi, in bi in buga. Shekara ashirin da shida haka nake yi, ko waƙafi ba a taɓa gyara mini ba, har tinƙaho nake yi da shi, ke shaida ce. Ranar da zan buga makin masu neman gurbin, mai kula da sito ya ari rular bai dawo da ita ba. Maimakon in tashi in karɓo, taku goma kacal, sai na ɗauki ambulan. Ambulan ba ya kai faɗin takardar, sai an ja shi. Da na zo kan sunan likitan na ja, ya zame layi ɗaya. Na ba shi arba'in da takwas na wanda ke ƙasansa. Nasa tamanin da ɗaya ne. Na uku ya zo, Yaya.

Kwana shida da manna jerin na gano. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin jaridar da na shimfiɗa a aljihun teburina, na ce gobe zan faɗa. Goben ce har yau. Wadda ta samu gurbinsa yarinya ce mai ladabi, kullum sai ta leƙo ta gaishe ni, in amsa ina kallon ƙasa. Shi kuma yana zaune, tsakaninsa da takardar bai fi taku uku ba.

Kunya ce ta hana ni, ba komai ba. Amma na gaji. Ko a kasuwa wani ya yi gyaran murya sau biyu sai gabana ya faɗi. Saura wata biyar in yi ritaya, a kore ni in za a kore ni. Ranar Alhamis zan shiga kotu da takardar a jakata. Ki sa ni a addu'a.

Taki, Auta.

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Na je. Na zauna a layin gaba, jaka a ƙirji, ina waige ban gan shi ba. Da aka kira shari'ar, lauyansa ya miƙe ya ce motar da ta ɗauko shi da safe ta yi karo a hanya, bai kai asibiti da rai ba. Zama na goma sha huɗu ke nan da yake tasowa dominsa. Alƙali ya yi ta'aziyya, ya rufe fayil. Ko sunana ba a kira ba. A bakin ƙofa lauyanmu ya ce mini, Mama kin huta.

Na huta? Litinin da ta wuce wajen ƙarfe goma na ji gyaran murya sau biyu, har na buɗe baki zan ce babu labari. Bencin babu kowa. Na sa an ɗauke shi, amma sawun ƙafafunsa huɗu na nan a siminti.

Jiya na nemi gidansa na je gaisuwa. Matarsa ba ta san ko ni wace ce ba, ta kawo mini ruwa. Ta ce a 'yan watannin nan ya daina buɗe littattafansa. Ya ce mata wataƙila shi ne bai san kansa ba, wataƙila da gaske arba'in da takwas ɗin ya ci, ya yi ta wahalar da mutane a banza. Da wannan ya tafi, Yaya. Ni na sa masa shi a rai.

Na kasa shan ruwan. Gobe zan koma in ba ta takardar a hannunta, in faɗa mata ni ce. Abin da ta ga dama ta yi da ni. Na sayi sabuwar rula zan tafi da ita, don ta bi layin da kanta, daga sunan mijinta har ƙarshe.

Ki yafe mini ɓoyon da na yi miki.
Auta.