Kwalekwalen da Ya Kife Ranar Asabar

Sapporo, Oktoba 1994

Yaya Sunhwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Baba da Mama. Yaya gwiwar Mama? Kimchin da kuka aiko, kabejin nan namu mai tsami da yaji, ya iso, sai dai ya tsiyaye a hanya, mai kawo saƙo ya miƙo mini shi yana kau da hanci.

Kin ce tunda makarantarmu ɗaya da angonki, in riƙa ba ki labarinsa. To ga labari.

Ƙarshen makon jiya ƙungiyar ɗalibai baƙi ta jami'armu a nan Japan ta kai mu daji. Kwana a tanti, tuƙa kwalekwale ranar Asabar, hawan dutse ranar Lahadi. Angon naki, Yaya Taesik, shi ne shugaba, kin sani. Ya zo da sabuwar jar riga, da usur a wuya, da ƙararrawar korar beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan, a jaka da ƙugu har da takalmi. In yana tafe sai ki ce saniya ce ta ɓalle daga garke. A mota ya cika wa mutane kunne da wahalar da ya sha a soja. Ban gaya musu a ofishin unguwarsu ya yi sojan nasa ba, kullum da yamma ya koma gida uwarsa ta wanke masa safa.

A bakin kogi mai yi mana jagora ya ce mutum biyu-biyu za a shiga, kuma inda ruwa ya rabu kowa ya bi hagu, don itace ya faɗi a dama. Yaya Taesik ya zaɓi Oyuna, wata 'yar Mongoliya da ta zo bana, 'yar ƙarama, Japanancinta bai nuna ba. Ta ce masa, "Ban iya iyo ba, ƙasarmu babu teku."

Ya buga ƙirji. "Kina tare da soja, me kike tsoro?"

Ni aka haɗa ni da Prasert, ɗan Tailan mai karatun likitan dabbobi, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba. Muna bayansu. Da aka zo mararraba sai na ji angonki ya ɗaga murya, "Hagu ta tsofaffi ce!" Ya karkata dama. Prasert ya ce, "Wannan mutumin ba shi da hankali," ya bi su.

Kafin mu cim musu ruwa ya maka kwalekwalensu a jikin itacen, ya kife. Rigar ceton Oyuna ta maƙale a reshe, ruwa na bi ta kan fuskarta. Ta miƙa hannu ta kama ƙafarsa. Yaya, ki karanta nan a hankali. Ya waiwayo ya dube ta. Ya gan ta sarai. Sannan ya sa ɗaya ƙafar ya taka kafaɗarta, ya fizge, ya yi gaɓa. Da ya hau tudu sai ya tsaya yana busa usur.

Prasert ne ya faɗa ruwan, ya ɓalle mata rigar ya jawo ta. Leɓenta ya yi shuɗi, ta yi ta aman ruwa, aka kai ta asibitin ƙauye.

Da yamma ana gasa naman rago, sai na ji shi yana gaya wa mutane wai ita ce ta miƙe tsaye a cikin jirgi don tsoro. Washegari kuma ya ce dole a hau dutsen, wai kada mutum ɗaya ya ɓata wa kowa hutu. A can ƙololuwa ya yi mana jawabi a kan zumunci tsakanin ƙasashe. Har tafa masa aka yi.

Wannan shi ne mutumin da za ki aura da bazara. A gaida Baba da Mama.

Ƙanwarki,
Miran

Sapporo, Oktoba 1994

Zuwa ga Sunhwa abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, tare da miƙa girmamawata ga Baba da Mama. Ganyaye sun yi ja a nan, sanyi ya fara shigowa, ki kula da lafiyarki.

Na san ƙanwarki za ta riga ni, don haka nake so ki ji daga bakin wanda nauyi ke kansa. Tafiyar da na shirya ta yi kyau ƙwarai, malamai ma sun yaba. An ɗan sami tangarɗa a kogi. Na ɗauki wata yarinya a jirgina saboda tausayi, tunda ba wanda ke son shiga da ita. Mutanen nan sun saba da dawaki da tumaki, ba su san ruwa ba. Ta firgita ta miƙe, jirgi ya kife. Na yi abin da aka koya mana a soja, na fita na kira agaji. Ba don usur ɗina ba, da wani labarin ake yi.

Ba na son kawo ƙarar Miran, amma tun zuwanta ba ta zama da 'yan ƙasarmu. Kullum tana cikin 'yan Tailan da 'yan Bangaladash, tana cin abincinsu mai wari. Ko gaishe ni ba ta yi yadda ya kamata a gaida na gaba. Mako mai zuwa ofishin ɗalibai baƙi zai zauna a kan maganar kogin. Ki ja mata kunne. Mu 'yan Koriya a ƙasar nan ido ake sa mana, in ɗaya ya ji kunya duka mun ji.

Ki gaya wa Mama mahaifiyata ta fi son a yi bikin a babban zauren nan na bakin kogi, ba na cocinku ba.

Naki har kullum,
Pyo Taesik

Jinju, Nuwamba 1994

Miran,

Muna lafiya. Gwiwar Mama da sauƙi. Baba ya ce ki sa rigar sanyi.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Tun ranar da Taesik ya fara zuwa gidanmu kike yi masa dariya, daga yadda yake riƙe cokali har yadda yake tari. Ba wanda ya taɓa burge ki, tun kina 'yar ƙarama. Malamanki jakai ne, 'yan ajinki tumaki, ni kuma 'yar ƙauye mai koyar da yara waƙa. Yanzu kina so in yarda cewa daga cikin jirgi mai tangaɗi, ruwa na fantsama miki a ido, kin ga inda ƙafar mutum ta sauka?

An riga an gaya wa dangi. Baba ya sha giya da mahaifinsa. Karatu aka tura ki, ba alƙalanci ba. In an kira zaman nan ki zauna ki rufe bakinki, ko sau ɗaya a rayuwarki.

Ki ci abinci sosai.

Yayarki,
Sunhwa

Sapporo, Nuwamba 1994

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida su Baba. Dusar ƙanƙara ta fara sauka jiya.

Wasiƙarki ta iso bayan an yi zaman, amma ko da ta riga shi ba abin da za ta canza. Gaskiyarki, ina da raini. Sai dai rainin nawa bai taɓa taka kafaɗar kowa ba.

Ga yadda aka yi. Malamai biyu da shugaban ofis suna zaune, an kawo shayi. Angonki ya sa kwat, ya yi ta zuba Japananci mai santsi, yana sunkuyawa kamar zai karye. Sannan aka tambayi Oyuna ko ta miƙe a cikin jirgi. Ba ta gane tambayar ba. Ta tashi ta sunkuya ta ce, "Ku yi haƙuri, na ba ku wahala." Shugaban ofis ya gyaɗa kai ya fara rubutu. Aka ce za a aika wa masu ɗaukar nauyin karatunta takardar gargaɗi. Kin san in aka yi haka, baɗi sai dai ta koma gida.

Sai na miƙe na faɗi duk abin da na gani. Malam ɗaya ya tsura wa kofinsa ido kamar ya ga kifi a ciki. Prasert, wanda ban taɓa jin ya haɗa jimla uku ba, ya ce, "Haka aka yi. Da na cire mata rigar ceto, shatin takalmi na nan a kafaɗarta."

Kin san abin da suka yanke? Wai ruwa ne ya yi ƙarfi, ba laifin kowa. Ba za a aika takardar ba, shi kuma yana nan a shugabancinsa. Sun fi son kowa ya fita da fuskarsa a wanke.

A bakin ƙofa ya tare ni, ya koma yarenmu. "Ke, ba ki da kunya? A gaban Japanawa za ki tozarta ɗan ƙasarku? Mijin yayarki?"

Na ce, "Ba ka zama ba tukuna."

"Saboda wata mai kiwon tumaki!"

"Mai kiwon tumakin ta fi ka sanin inda ake sa ƙafa."

Tun ranar 'yan Koriya ba sa zama kusa da ni a ɗakin cin abinci. Ban yi asarar komai ba, dama hirarsu ba ta wuce wa zai samu aiki a wane kamfani.

Abin da ya dame ni Oyuna ce. Na je ɗakinta na same ta kwance da tari, ɗakin sanyi kamar rijiya. Na ce mata me ya sa ba ta faɗa da bakinta ba. Ta ce, "Shi ne ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na zo. Ya ɗaukar mini jaka." Sai ta juya fuska bango. Har yanzu in za ta wanke kai sai ta bar ƙofar banɗaki a buɗe.

Ba na ce ki yarda da ni ba. Ki tambaye shi da kanki, tambaya ɗaya tak: Oyuna ta kama ƙafarsa ko ba ta kama ba?

Ki huta lafiya.

Miran

Sapporo, Disamba 1994

Sunhwa,

Ina gaishe ki, da fatan su Baba suna lafiya.

Na yi mamakin wasiƙarki. Layi biyu, ba gaisuwar kirki, sai tambaya kamar ɗan sanda. Ban saba mace ta yi mini haka ba, amma zan amsa don a rufe maganar.

E, ta kama ni. Wanda ruwa ya ci ba ya san abin da yake yi, duk abin da ya samu janyowa yake ƙasa. Da na tsaya, da gawa biyu za a ciro. Ke da ba ki taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarki ba, ba za ki gane ba. Ni ɗa ɗaya ne a gidanmu, ina gab da kammala digiri na uku, ga aure a gabana. A wannan lokacin ke na tuna, Sunhwa. Saboda ke na yi. Ki auna da hankali, me za a rasa in na mutu, me kuma za a rasa in ita ce? Ba wulaƙanci ba ne, lissafi ne da duk mai hankali zai yi. Kuma ai ba ta mutu ba.

Maganar miƙewa a jirgi kuwa, dole shugaba ya faɗi abin da zai kwantar da hankalin jama'a.

Na yafe miki wannan karon, don na san Miran ce ta zuga ki. Bayan biki zan so ta rage zuwa gidanmu. Mahaifiyata na jiran ki ranar Lahadi ku je wurin tela, kada ki makara, ba ta son jira.

Mijinki nan gaba kaɗan,
Pyo Taesik

Jinju, Disamba 1994

Miran,

Ina gaishe ki. Muna nan.

Ban je wurin tela ba. Na je gidansu ni kaɗai na gaya wa mahaifiyarsa na fasa auren. Ta ce dama malamar firamare ba ajin ɗanta ba ce. Na ce haka ne, na sa takalmina.

Baba ba ya yi mini magana. Mama ta yi kuka kwana biyu, ranar na uku ta tambaye ni sunan yarinyar.

Akwai babban ƙunshi a hanya. Bargon aure ne, wanda Mama ta ɗinka da hannunta, mai auduga sabuwa. Ki kai wa Oyuna. Kada ki gaya mata na mene ne, ki ce daga wata malama a Jinju.

Ke kuma kada ki rubuto mini cewa dama kin faɗa. In na ga wannan a wasiƙarki, kimchin bana ba ki da rabo.

Ki rufe wuyanki in za ki fita.

Yayarki,
Sunhwa