Dogo Ya Tsaya Gaban Alƙali da Ƙafafunsa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya sa albarka a nemanka, Ya tsare mana kai a inda kake. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, abin da ya rage sai faɗan da yake yi da jikoki a kan rediyonsa. Auta ta ci jarrabawa, yanzu ko tsintsiya ka ce ta miƙo sai ta gyara maka magana.

Albishirinka, Yaya, an gama shari'ar ɗanka Dogo! Na san a gutsure ka ji labarin ta waya, lokacin ni ma ba na cikin hayyacina. Ciwon baya ne ya dame shi saboda ɗaukar katako, ya shiga kemis ɗin bakin layin kafintoci. Mai shagon ya ba shi wata ƙwaya ba takardar likita, ya ce ita ce maganin maza masu aiki. Ashe irin mai ƙarfin nan ce da ake ba wanda aka yi wa tiyata. Tun yana shan ɗaya, har ya kai ba ya iya riƙe zarto sai ya sha. Ranar da mutumin ya ba shi wata sabuwa da ta fi ta baya, a tsakiyar shago ya yanke jiki ya faɗi cikin garin katako, numfashi ya ɗauke. Allah Ya yi da sauran kwana, ya farfaɗo a asibiti, amma hannun dama ya saki, harshe ya yi nauyi.

Kafin zaman kotu dangin mai kemis suka zo gida roƙo, wai a rufa asiri a janye magana. Wallahi na so in karaya. Baba ya bari sai da suka sha ruwa, sannan ya ce musu shi nasa hannun lafiya yake, su je su roƙi mai hannun. Dogo kuwa ya ce ba ya riƙe da kowa a zuciya, amma akwai abokan aikinsa da har yanzu suke layi a ƙofar shagon, don haka zai je ya faɗi abin da ya sani.

Ranar shaida ya hana a riƙe shi, da ƙafafunsa ya tako. Lauyan mai kemis ya ce ai ba wanda ya ɗura masa ƙwayar. Dogo ya daɗe yana haɗa kalmomi, alƙali ya ajiye biro yana jiransa. Sannan Dogo ya ce gaskiya ne da hannunsa ya sha, amma shi maganin baya ya je nema, kuma mutumin ya san abin da ya miƙa masa. Alƙali ya ce sayar da irin wannan ƙwaya ba izini laifi ne, in kuwa ta nakasa mutum hukuncin ya fi tsanani. Ya yanke wa mai kemis shekara goma sha biyu, ya sa aka rufe shagon. Matar mutumin ta ba ni tausayi, har na kama ta muka fito tare. Kafintoci kuwa suka cika harabar da ihu, sai da ɗan sanda ya kore su. Surukata matar Dogo ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka.

Yanzu yana zuwa gashi asibiti, yatsun sun fara motsi. Makon jiya ya koma shago, ya haɗa kujera da hannun hagu. Ƙafar kujerar ɗaya ta gaza, tana rawa kamar ta sha ƙwayar ita ma, in ji shi. Baba ya tokare ta da kwali, ya hana kowa zama a kai sai shi.

Ka gaishe da Anti, da Babban Yaro, da takwarata, da jaririyar da ba mu gani ba tukuna. Baba, Goggo, Auta da surukarka duk suna gaisuwa. Dogo ya ce in gaya maka ya riga ya yanka katakon taka kujerar, kada ka bari ya gama ta ba ka zo ba.

Taka ƙanwa,
Maman Dogo